Rok Ba Roƙo Ba Ne

A Ƙarfi in aka ce wane ya cika baki, sai a tambaya ko ya kai Maharazu. Tun yana yaro haka yake. An kai shi makarantar allo, ya ce muryarsa ta fi ta malam zaƙi, don haka shi ya kamata ya riƙa biya wa yara. An sa shi firamare a Malumfashi, ya gudo daga aji uku, ya ce ya kwashe Turancin mai amfani, ƙaiƙayi ya bar musu. Da aka ba shi tsaron tsuntsu a gonar gero, sai ya jera gwangwanaye a igiya yana kaɗa su da salo, har tsuntsayen suka saba, suka riƙa zuwa cin gero da kiɗa. Gwaggo Tsohuwa, ƙanwar mahaifinsa wadda ta riƙe shi tun rasuwar uban, takan ce da surutu noma ne da tuni rumbunsu ya tsage.

Bayan samun mulkin kai da 'yan shekaru ya tafi ci-rani Funtuwa, yana dakon auduga a tashar jirgi. A can silima ta kama shi. Wata rana aka nuna wani Bature mai tukku kamar na zakara, ya rataya wani abu mai kama da garaya amma da ƙugu, yana kaɗawa yana karkaɗa ƙafa kamar wanda kunama ta shiga wa wando, 'yan mata kuwa sai kururuwa suke yi suna zubewa. Maharazu ya kalli abin baki buɗe. Da aka fito ya shaida wa abokan dakonsa cewa Baturen ya yi ƙoƙari, amma akwai gyara.

Wani akawu mutumin Ikko da ke auna musu kaya shi ya gaya masa sunan abin jita, kiɗan kuma ana ce masa rok. Ya ƙara da cewa cikin ikon Allah shi ma yana da jita irin ta lantarki, ja wur, ga shi an canza masa wurin aiki, kaya sun yi masa yawa. Maharazu ya ba da kekensa ya karɓi jita. Akwatin da ke fitar da sautinta kuwa tuni akawun ya sayar wa wani, bai ga dalilin tayar da wannan zance ba.

Haka ya dawo Ƙarfi a bayan motar hatsi, da tsukakken wando, da baƙin tabarau, da gashin da ya sha man gyaɗa har ƙudaje suna masa rakiya. Ya tarar da Gwaggo tana kaɗi a tsakar gida. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta tambayi keke. Ya ce keke na masu tafiya kusa ne, shi yanzu Kaduna da Ikko ne a gabansa, daga nan sai Ingila. Ya ɗaga jitar ya ce sana'a ya koyo, sunanta rok.

Gwaggo ta ajiye mazari. "Roƙo?"

"Rok, Gwaggo. Babu wutsiya a ƙarshe."

"Da wutsiya da babu wutsiya, ɗan nan, kare sunansa kare. Kakanka manomi, ubanka manomi, ba a taɓa jin wani namu ya ɗaga murya a ƙofar gidan wani ba. Wa za ka roƙa?"

Ya yi mata bayani har zaren da ta kaɗa ya warware, ba ta ji komai ba sai abin da ta ji da farko. Kafin la'asar magana ta zagaye gari, kuma duk bakin da ta faɗa sai ya maƙala mata wutsiyar, domin harshen Bahaushe ba ya barin kalma tsirara. A bakin rijiya da majalisar masallaci labarin ɗaya ne: Maharazu ya koyo roƙo a Funtuwa.

Da a ce shi kaɗai ne, da an yi dariya an wuce. Amma akwai Lauratu, ɗiyar Malam Isyaku manomin auduga, wadda an riga an kai gaisuwarta an karɓa, saura sa rana. Ita Lauratu tana sonsa, mafi yawa don yana sa ta dariya ko bai nufa ba. Ranar da ya je zance da jitar ta ce ya kaɗa ta ji. Ya gyara tsayuwa ya ja tsirkiya, abin ya yi ɗan zuuu kamar sauro a cikin gora. Ta saurara da kyau, sannan ta ce ai da ya riƙe keken, ko ƙararrawarsa ta fi wannan amo. Ta kuma gaya masa Baba na nemansa.

Malam Isyaku mutum ne da ba ya ɗaga murya ko ga jakinsa. Maharazu ya shiga zaure ya yi niyyar durƙusawa, wando ya ƙi, suka yi sulhu a rabin hanya. Dattijon ya ce shi ba ya raina maroƙa, ba a biki sai da su, amma ƙwarya ta bi ƙwarya. Gidansa ba a taɓa surukuta da su ba, ba kuma a kansa za a fara ba.

"Baba," in ji Maharazu, "maroƙi sunan mutum yake kamawa ya wasa shi, a ba shi kyauta. Ni ba na kiran sunan kowa, ba na karɓar ko ɓarin goro. Mutane ne kawai za su ji su suma."

"Su suma," in ji Malam Isyaku. "To, gani ya kori ji. In na gani da idona ba ka kira suna ba, ba ka karɓi komai ba, sai Gwaggonka ta turo a sa rana. In kuwa roƙo ne, kowa ya kama dangin sana'arsa."

Maharazu ya ce ba ma a Ƙarfi za a yi ba, Ƙarfi ta yi wa abin kaɗan. A tsakiyar kasuwar Malumfashi za a yi, ranar da take ci, don kowa ya shaida. Ya fita yana tafiya da faɗi, wani ɓangare don alfahari, wani don ɗinkin wandon ya soma saki.

Sai shiri. Jitar ta zo da tsirkiyoyi biyu a tsinke. Ya maye ɗaya da wayar birkin keke, ɗayar da wayar tarkon gafiya. Gwaggo ta hana shi gwaji a gida, ta ce kajinta sun daina ƙwai. Ya koma gindin wata tsamiya a hanyar Gozaki, yana kaɗi yana koyon karkaɗa ƙafar Bature. Ƙafar ta ƙi. Duk yadda ya yi sai ta fito kamar mai tattaka ƙasar gini. Wasu matan Maguzawa da suka fito da kayansu a kafaɗa suka tsaya kallo. Wata dattijuwa a cikinsu, wadda ta san garaya da abin da garaya ke kira, ta tambaye shi wace iska yake nema a gindin tsamiya da rana tsaka. Ya ce shi ba iska yake kira ba, wannan kiɗan Ingila ne. Ta ce to, kowace ce, ya bi ta a hankali, daga jin kukanta ba ta da lafiya.

Saura wuta. Kasuwar Malumfashi dai ba ta da lantarki, amma akwai Shitu mai tallar magani, wanda ke yawo kasuwa-kasuwa da wata tsohuwar mota, da lasifika a kan rufinta, yana sayar da maganin basir da na tsutsar ciki. Shitu ya juya igiyar jitar, ya ga bakinta bai shiga ramin injinsa ba, sai ya yanke bakin ya fere wayoyin ya murɗe su da nasa, ya naɗe da ƙyalle. Ya ce shi in dai jama'a za ta taru, ko kukan kura ne zai saka a lasifika. Maharazu ya tambaya ko wayar nan ba ta da haɗari. Shitu ya ce shekara da shekaru yana wannan aiki, duk wanda ta kama ya tashi.

Ranar kasuwa suka kafa a tsakanin rumfar mahauta da turken jakuna. Aka jawo amalanke aka tallafe bakinta da turmi, ta zama dandamali. Tun kafin a fara wani gajeren mutum mai babbar murya ya zo ya tsaya a gaba yana gyaran maƙogwaro. Manu ke nan, sanƙiran kasuwa, wanda aikinsa shi ne in makaɗi ya wasa mutum ya ɗauki maganar ya ƙwala ta kowa ya ji. Ya ce an gaya masa sabon maroƙi ya shigo gari bai gai da manya ba, amma shi ba mai riƙo ba ne, zai taya shi.

"Ni ba maroƙi ba ne. Ka matsa."

"Haka kowa ke cewa ranar farko," in ji Manu. "Kiɗa ba sanƙira ai miya ce ba gishiri. Yi abinka, ɗan'uwa."

Jama'a ta taru. Can gefe Malam Isyaku ya tsaya da babbar rigarsa ta zuwa kasuwa, hannu a baya. Lauratu tana bayan masu ƙuli-ƙuli da ƙawayenta, tana yi kamar ciniki ya kawo ta. Maharazu ya hau amalanke ba takalmi, don kada ya zame, ya gyara tabarau, ya ɗaga wa Shitu hannu.

Shitu ya murɗa. Lasifika ta saki wata irin ƙara mai tsini, wadda ba jita ta yi ta ba, ba mutum ba. Jakuna suka amsa gaba ɗaya. Wata mai fura ta saki ƙwarya, ungulayen rumfar mahauta suka tashi sama. Maharazu ya jira kasuwa ta lafa, ya sanar da cewa wannan ita ce buɗewa, haka ake yi a Ingila. Sannan ya daki tsirkiyoyi duka, ya soma waƙa da Turanci: yeye da yawa, bebi nan da can, da wasu kalmomi da ya tuna daga jikin buhunan tasha. Wani malamin firamare da ya zo sayen albasa aka matsa masa ya fassara. Ya kasa kunne, ya ce abin da ya iya kamawa shi ne kada a sa ƙugiya, kuma a ajiye a busasshen wuri.

Rana ta take, gumi ya jiƙa shi sharkaf, ga ƙafa a kan ƙarfen amalanke. Ya matso ya kai leɓe ga makirfo, hannunsa a kan wayar birki. Nan take wuta ta gaishe shi. Ƙafafunsa suka kama rawa da kansu, ƙugu ya karkaɗa, tukkun da man gyaɗa ya kasa tsayarwa ya miƙe cir. Da ya samu ya fizge bakinsa, abin da ya fara zuwa masa shi ne, ashe haka Baturen yake yi. Sirrin da ya nema a gindin tsamiya bai samu ba, ashe a cikin waya yake. Sai ya sake kai leɓen da gangan.

Kasuwa ta ɗauka. Masu awo suka bar mudu, samari suka matso suna tafi. Dattijuwar nan ta hanyar Gozaki, da ta kawo daddawa, ta ratso mutane tana cewa ai ta faɗa, ga shi iskar ta hau. Ta kwance mayafinta ta yafa masa a ka, ta durƙusa ta yi wa baƙuwar iskar barka da sauka, ta tambaye ta sunanta da abin da take ci. Ta umarci jama'a kada wanda ya taɓa shi sai ya yi atishawa. Maharazu ya yaye mayafin da sauri ya mayar mata, yana duban wajen Malam Isyaku don ya shaida ba kyauta ba ce. Wani ɗan kasuwa ya hau kan turmi zai liƙa masa kwabo a goshi, ya goce. Wani ya zo ta hagu da goro, ya sunkuya. Gocewar ta yi daidai da kiɗa, aka ce ai rawar ce, masu liƙi suka ƙaru. Ya riƙa zillewa kamar tarwaɗa, ba abin da ya taɓa shi. A ransa ya ce an gama, saura sa rana.

Sai wani daga baya ya ce sun gaji da yaren buhu, a yi musu da Hausa. Kasuwa ta goyi bayansa. Maharazu, da wuta da tafi suka riga suka hau masa kai, ya tuna akawun Ikko ya ce duk waƙar rok ta soyayya ce. Ya rufe ido, ya ja dogon numfashi, lasifikar maganin basir ta watsa wa Malumfashi da kewaye:

"Lauratu, Lauratu, hasken idona, Lauratu."

Tafi ya tsaya. A bayan masu ƙuli-ƙuli wata ta ja gyale ta rufe fuska. A rumfar mahauta kuwa wani ƙato ya miƙe a hankali da wuƙar fawa a hannu, bai ko goge ta ba. Ummaru ne, mahaucin da ya yi sabon aure, kuma duk kasuwa ta san sunan amaryarsa, in ban da wanda ke kan amalanke. Ya tako har gaba, mutane suna ba shi hanya.

"Wace Lauratun?"

Maharazu ya buɗe ido ya ga wuƙa. Hannunsa bai daina kaɗi ba, don ya manta yadda ake dainawa. Ya ce, a cikin waƙa, ba ta kowa ba ce, budurwa ce, ta Ƙarfi.

Ummaru ya ce tasa ma daga wajen Ƙarfi aka kawo ta. Ɗiyar wa?

To, suruki ba a kama sunansa ko a ɗaka, balle a lasifika. Amma wuƙar tana da faɗi. Maharazu ya rera, "Ɗiyar Isyaku."

"Ɗiyar Isyaku, ya ce!" Manu ya ƙwala, ya juya gabas ya juya yamma.

Ummaru ya ce Isyaku a ƙasar nan sun fi jakunan turken can yawa, har kawun matarsa Isyaku ne. Wanne?

"Malam Isyaku manomin auduga," in ji Maharazu.

Ummaru bai motsa ba.

"Mai shanun huɗa ja da fari. Mai gona har bakin rafi. Mai rumbun da bara ta tarar da bana."

Manu yana ɗauka yana cillawa, yana ƙara gishiri. Kuma wani abu ya faru da bai taɓa faruwa ba tun da jitar ta baro Ikko: kiɗan ya zauna. Wayar birki ta sami gurbinta, ta tarkon gafiya tana amsa mata, maganar tana hawa kansu daram kamar an auna. Kawuna suka soma gyaɗawa. Maharazu ya ji daɗin da bai taɓa ji ba, ya manta da wuƙa, ya manta da abin da ya kawo shi. Ya ce Isyaku bijimin kaka, auduga ta gan ka ta yi fari don kunya. Ya ce Isyaku inuwar giginya ta wasu ce, taka ta na gida ce. Ya shiga kakanni, ya fito ta wajen uwa. Ummaru ya daɗe da soke wuƙarsa a ƙugu yana tafi, ya ma gaya wa na kusa da shi cewa yaron nan gado ya yi, a bincika.

Jama'a ta dare gida biyu. Malam Isyaku ne ke tahowa, ba sauri, kamar mai zagayen gona. Da ya iso gaban amalanke ya tsaya, ya tuɓe babbar rigarsa a natse, ya karkaɗe ta, ya miƙa hannu ya ɗora ta a kafaɗar Maharazu, ya gyara mata zama.

Kiɗa ya mutu. Maharazu ya tsaya da riga a wuya. Kwabon ɗan kasuwa ana goce masa, amma kyautar dattijo a gaban jama'a, mayar da ita zagi ne da ba a wanke shi. Ya duba hagu, Shitu yana ta miƙa kwalaben magani. Ya duba dama, inda Lauratu take babu kowa sai tiren ƙuli-ƙuli. Manu ya matso ya raɗa masa ya yi godiya mana, kuma ya sani hannun riga ɗaya na sanƙira ne.

"Ka iya," in ji Malam Isyaku, da muryarsa ta kullum. Makirfo yana kusa, kasuwa duka ta ji. "Ban taɓa jin an wasa ni haka ba. Allah ya sa albarka a sana'a. In bikin Lauratu ya tashi, za a aiko maka."

Ya juya ya tafi da 'yar shara. Maharazu ya buɗe baki zai yi bayani, ƙurar rigar ta shiga masa hanci, ya saki atishawa a lasifika. Dattijuwar Gozaki ta ce alhamdu, ta sauka, yanzu a iya taɓa shi. Samari suka yi caa a kansa gaba ɗaya, turmi ya goce, amalanke ta ɗaga baki sama ta juye shi da jita da riga a cikin kwandon daddawa.

Labari ya riga shi isa Ƙarfi. Ya shiga gida yana ɗingishi, yana warin daddawa, da riga mai hannu ɗaya. Gwaggo Tsohuwa tana zaune bakin murhu, ga kayan gaisuwar da aka maido a gefenta, ko kwance su ba ta yi ba. Ya jingine jitar, ya zauna a hankali saboda ƙugu, ya daɗe yana kallon ƙullin kayan. Sannan ya gyara tabarau, wanda saura gilashi ɗaya.

"Gwaggo," ya ce, "ko Baturen silima ban ji an ce ya sami gayyar biki tun ranar farko ba."